Jakar da ke Tsakaninmu

A gwaji na uku injin ya tashi. Wata takwas ke nan da na sayo tsohon babur ɗin nan na doguwar tafiya, duk ya yi tsatsa. Na wargaza shi a garejinmu na unguwar Thamesmead da ke Landan, ina haɗawa duk ranar da ba na asibiti.

"Likita guda, ka koma bakanike?" Tsiyar da matata take min ke nan kullum.

Ina fitowa da shi titi, sai ga ta a bakin hanya, hular kwano a kan hijabi, tana ɗaga hannu.

"Mai acaɓa!"

Rabona da wannan suna tun ina ɗalibi a Kano, lokacin da take fasinjata.

"Ina muka nufa, Hajiya?"

"Ko'ina. Ka dai bi a hankali."

Ta hau, ta dasa jakarta tsakanin bayana da ƙirjinta, yadda 'yan mata masu kamun kai suke yi. Na yi dariya, na ja.

Ko unguwar Lewisham da ke kusa ba mu kai ba na ji jakar ta koma gefe, hannuwanta sun zagaye ni.

A Kano, sai da aka shafa fatiha jakar nan ta matsa.