Sabuwar Fuskar Kwamfutar Manoman Citta

Ran Litinin da safe Silvanus ya yaye zanin da ake lulluɓe kwamfuta da shi, ya kunna, ya zauna, sai ya ga bai san ta ba.

Shi ne sakataren ƙungiyar manoman citta a Kafanchan, shekara biyu ke nan yana kan kujerar. Kafin shi Martha ce, wata 'yar gayu mai son jan farce, da ta yi aure ta koma Gwantu. Ranar da za ta tafi ta zaunar da shi ta koya masa aikin a minti goma. Akwai jajayen ɗigo uku a fuskar kwamfutar. Ka kai kibiya kan na farko ka danna, wurin rubutu ya buɗe. Na biyu ya adana. Na uku ya tura wa firinta. Iyakar karatun Silvanus ke nan, Allah sarki, kuma da shi ake ce masa injiniya har a coci.

Yau babu ɗigo ko ɗaya. Ga wani haske da ke kashe ido.

Ya san mai laifin. Leonard, malamin lissafi daga Madakiya, shi ya sa musu tsarin Linux a kwamfutar tun farko, wai na kyauta ne, kowa a duniya yana iya sa hannu ya gyara. Makon jiya ya zo yana rawar kai da wani faifai, ya ce masu gyaran sun yi wa abin sabuwar fuska, ran Asabar zai zo ya ɗora. Silvanus kuwa Asabar ɗin yana Kwoi wurin jana'iza.

Ga shi jerin sunayen manoma ɗari da goma sha huɗu yana cikin injin. In bai isa ofishin rabon taki ran Alhamis ba, bana babu taki, kuma Silvanus ya san kujerar wa za a fara ja.

Ya danna nan, agogo ya fito. Ya danna can, wani baƙin allo ya buɗe yana ƙifta masa ido. Ya shaƙi iska ya ji warin kananzir, ya ce to, har ƙonewa ta fara.

Kafin azahar labari ya zaga. Ciyaman, Alhaji Mijinyawa, wanda bai taɓa taɓa maus ɗin kwamfuta ba, ya sa tabarau ya leƙa, ya ce lallai ta da ta fi kamala, wannan ba ta da kunya. Wani dattijo ya ce rubutun ya ƙanƙance. Wani ya ce shuɗin ma ba irin na da ba ne, na da ya fi sanyi. Wata ta ce tunda ta kalla kanta ke sarawa. Mama Afiniki mai sharar ofis ta buɗe baki za ta yi magana, aka ce ta bari manya su gama, wannan ba zancen tsintsiya ba ne.

Ran Talata aka kafa kwamiti. Kwamitin ya sha kunu, ya yanke cewa abin da kowa ke sa wa hannu ba zai yi albarka ba, a mayar da tsohuwar fuska, a kuma hana Leonard taɓa injin. Da biro aka rubuta hukuncin, tunda dai kun san halin da ake ciki.

Ran Laraba da hantsi sai ga Leonard a kan babur. Tun bai kashe shi ba suka yi masa ca.

"Malam, ka mayar mana da abinmu yadda ka same shi," in ji Silvanus.

Leonard ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya zaro faifan daga aljihu, yana cikin ledarsa, ko ɓarewa ba a yi ba.

"Ranka ya daɗe, ai ban zo ba. Asabar ɗin ta tsaftar muhalli ce, an tare hanya, da aka buɗe kuma tayata ta fashe. Haƙuri na zo bayarwa."

Ya zauna, ya danna sau uku, firinta ta hau kuka. Sunaye ɗari da goma sha huɗu suka fito reras. Silvanus ya rungume takardun a ƙirji, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba.

Ciyaman ya cire tabarau ya goge. "To, in ba kai ba ne, wa ya taɓa ta?"

Mama Afiniki ta ajiye bokitinta a bakin ƙofa.

"Baba, tun shekaranjiya nake so in faɗa. Ni ce na wanke gilashin ran tsafta. Jan farcen nan uku da Martha ta ɗiga a kai, sai da na sa reza da kananzir kafin ya fita."