Muryar Inna Tasalla a Motar Ramlatu

Da motocin lantarki suka cika Gusau, shirunsu ya zama bala'i, awaki da tsofaffi suka yi ta shan karo. Sai aka kafa doka cewa kowace mota ta sami muryar mutum da za ta riƙa neman hanya. Ƙaramar motar Ramlatu da muryar mahaifiyarta take magana, Inna Tasalla, wadda ta rasu bara waccan. Kafin rasuwarta ta naɗa wa motar 'yan kalmomin neman hanya.

Yanzu batirin ya tsufa. In caji ya yi ƙasa, muryar takan ja numfashi kamar yadda Inna ta yi a kwanakinta na ƙarshe.

"Malama, a canza shi," in ji Ubale bakanike. "Sai dai sabon zai goge muryar. Ai har mai keke wuce ki yake!"

"Ya wuce mana. Makarantar da nake koyarwa ba gudu take ba."

"Wata rana a daji za ta ajiye ki."

"Da ƙafa na yi karatuna har na gama, Ubale. Rufe mini ita."

Ta bar motar ta sha rana har la'asar don ta yi caji, sannan ta bi inuwar dogonyaro a hankali. A bakin kasuwa wata tsohuwa mai tallar daddawa ta tsaya tsakiyar titi.

"Gafara dai," in ji motar.

Tsohuwar ta matsa tana murmushi. "A'a, Tasalla! Ya jiki?"

"Da sauƙi," in ji motar.

Ramlatu ta san Inna ba ta taɓa naɗar wannan amsar ba. Ta ƙara rage gudu, don kada ta gajiyar da ita.