Yadda Aka Gyara wa Mahauci Murya

Ka ce mini cikin sati biyu ka gama koyon gyaran sauti a kwamfuta, har ba ka buƙatar saurare, da ido ma kana gane inda za ka yanke. To, saki linzamin kwamfutar nan ka gyara zama, in ba ka misali.

A wata kasuwar ƙauye an yi wani mahauci mai balangu, mutumin kirki, shekara ashirin yana yanka tumaki ba wanda ya taɓa kuka da shi. Sai wani ɗan baƙin ciki ya baza jita-jita wai naman jaki yake gasawa. Ciniki ya ja baya, har nama yana yini a tukuba ba mai taya shi. Mahaucin ya so ya wanke kansa, amma yana da in'ina, kuma a kan "ba" take kama shi. In ransa ya ɓaci sai ya yi "ba-ba-ba" kafin maganar ta fito. Don haka ya tafi wurin maƙwabcinsa mai shagon cajin waya, wanda bai daɗe da sayen kwamfuta ta hannu ba. Darasi uku kacal mutumin ya kalla a waya, amma har ya sa an rubuta masa "ƙwararren mai gyaran sauti" da jan fenti a ƙofar shago. Suka kunna na'ura, mahauci ya gyara murya ya faɗi abin da ke cin ransa: "Jama'a, naman nan ba na jaki ba ne. Ba yau na fara sana'ar nan ba. Wanda ya ci ba zai yi da-na-sani ba." Sai dai kowace "ba" ta fito riƙe da 'yan'uwanta biyu ko uku. Mai shago ya ce ya je ya kwantar da hankalinsa, gobe zai ji muryarsa tas kamar ta mai karanta labarai a rediyo.

Ka san yadda magana take fitowa a allon kwamfuta, tudu da kwari kamar kunyoyin gona. Mai shago ya ƙura ido har ya gane siffar "ba": wani ɗan dunƙule ne kamar ƙwayar gurjiya. Daɗi ya kama shi. Injin niƙa na ta ruri a bayan shago, abin sawa a kunnensa kuma ya mutu, to me zai saurara? Duk inda ya hango gurjiyar nan sai ya ƙwanƙwasa ya share, kamar mai cirar ciyawa da ya shiga gona da zafin nama, bai bar ko ɗaya ba. Ya adana sabon aikin a kan tsohon, ya juye a memori, ya miƙa wa mahauci yana hura hanci.

Ranar kasuwa mahauci ya ɗaure lasifika a bishiyar darbejiya da ke kan tukubarsa. Yana sauri kada a riga shi a mayanka, sai ya roƙi mai shayi ya danna masa in kasuwa ta fara ci, kuma ya bar abin ya yi ta maimaitawa. Mai shayi ya danna. Murya ta tashi rangaɗau, babu gargada ko ɗaya, ta cika kasuwa tun daga 'yan tumatir har 'yan awaki: "Jama'a, naman nan na jaki ne. Yau na fara sana'ar nan. Wanda ya ci zai yi da-na-sani."

Da mahauci ya dawo da cinyar rago a kafaɗa, ya hango taro ya kewaye tukubarsa, irin wanda bai taɓa gani ba ko ranar Sallah. Ya yi hamdala, ya ƙara sauri, yana ta sa wa mai shago albarka a zuci. Sai da ya matso ya ga wani dattijo, tsohon mai sayen namansa, ya tsuguna a bakin kwata yana ƙaƙarin amai, ga Sarkin Pawa a tsaye ya harɗe hannuwa. Nan ya ji muryarsa ta sake zagayowa. Cinyar rago ta suɓuce ta faɗi a ƙasa.

Aka kirawo mai shago, aka ce ya kunna maganar ta asali kowa ya ji. Ya danna nan, ya danna can, gumi na ɗiga a kan allon, ashe babu ta, shi da kansa ya binne ta. Ala tilas mahauci ya hau kan benci ya faɗa da bakinsa: "Ba-ba-ba na jaki ba-ba ne!" Wata tsohuwa mai daddawa ta ce, "Kai jama'a, 'ba' biyar a magana ɗaya ai ta wuce rantsuwa." Kasuwa ta tuntsire da dariya, Sarkin Pawa ya duba naman ya ce rago ne, kafin azahar balangu ya ƙare. Mai shago kuwa, har yau in ya gifta sai wani ya yi masa kukan jaki, kuma ko sanarwar ɓatan akuya ba a sake kai masa ya gyara ba.

Saboda haka, sa abin nan a kunnenka ka saurari aikinka daga farko har ƙarshe, kuma kada ka taɓa share na asali. Hausawa sun riga sun faɗa: ƙaramin sani ƙuƙumi ne.