Makullin da Mama ta ɓoye

Bayan rasuwar ƙanena, Mama ta kasa zama wuri ɗaya. Mu 'yan Katolika ne a Sakkwato, kuma a ɗakinta akwai hoton Waliyyi Antoni, wanda muke roƙo idan abu ya ɓata.

Wata rana da la'asar, zafi har ya lanƙwasa kyandirin da ke gaban hoton, na ga ta cusa makullin akwatinta ƙarƙashin tabarma. Ta fita tsakar gida, ta dawo, ta zazzage kwanuka, ta kakkaɓe zannuwa. Sai ta durƙusa tana roƙon waliyyin ya nemo mata shi.

Na ce, "Mama, ai ke kinka aje shi nan ƙasa."

Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Na sani, ɗiyata. Bar ni in roƙi abin da za a iya maido mini."

Da ta gama addu'a ta ɗaga tabarma, ta sumbaci makullin. Ranar ta ci tuwo.

Yanzu ita ma ta tafi. Hoton yana ɗakina, ni kuwa sai kai da komo nake da makulli a hannu, na rasa inda zan ɓoye shi.