Yayan da Ke Kwance

"Na yayana ne, yana kwance, ko tashi ba ya iyawa," in ji shi, ya turo min katin inshorar marasa galihu ta tagar kantin magani.

Duk farkon wata haka yake zuwa: koɗaɗɗiyar riga, silifas mai ɗinki, murya ƙasa-ƙasa. Turarensa ne kawai bai san talauci ba.

Na ɗauko masa maganin hawan jini. Gwamnati ce za ta biya mu, ran da ta ga dama, kuma sau ɗaya take biya wa kowane kati a wata. Wanda ya riga karɓa, shi ya sha.

"Har yanzu ba su biya ku na baya ba?"

"Ina fa!"

Ya ja tsaki. "Ɓarayi! Ba sa tsoron Allah, 'yar nan. Haƙƙin talaka suke ci."

Ya cusa kwalin a aljihu, ya fita da ɗingishin da bai shigo da shi ba. Ya manta katin.

Na bi shi har bayan layi, inda ya ɓoye wata baƙar mota sai sheƙi take. Wani tsoho ya fito daga mazaunin direba da ƙyar, ƙafafu a kumbure har ya take bayan takalmansa. Ya rusuna, ya buɗe ƙofar baya.

"Sannu da dawowa, ranka ya daɗe."

Na dubi hoton da ke kan katin. Ashe yayan ya samu sauƙi. Ga shi nan tsaye, riƙe da ƙofa.