Mai Shagon da Ke Karanta Ƙasan Takalmi

Na san ba za ki yarda ba, 'yata, amma a garin nan akwai mai shagon kayan wasanni da ba ya sayar wa mutum sabon takalmin motsa jiki sai ya ga tsohon, kuma idan ya kifa tsohon ya dubi ƙasansa, yakan gaya wa mai shi wace gwiwa ce ke yi masa ciwo. Ki yi murmushinki. Shekara talatin da huɗu na yi ina riƙe da alli a gaban aji, ba a taɓa kama ni da ƙarin gishiri a zance ba, kuma ba yanzu da furfura zan fara ba. Shagon ƙarami ne, nasa ne na kansa: rigunan ƙwallo a rataye, wandunan gudu a ninke, kambas iri-iri a jere kan katako. Hujjarsa ita ce, inda mutum ya fi ɗora nauyinsa, nan ƙasan takalmi ke cinyewa, saboda haka tsohon takalmi ya fi mai shi sanin yadda yake tafiya.

To, wata mata, wadda ba zan kama sunanta ba domin ba tarbiyyata ba ce, ta sami kujerar Makka, saura wata uku a tashi. Likita ya gaya mata cewa idan ba ta fara tattaki kowace safiya ba, a keken guragu za a zagaya da ita. Ita kuwa ta ci alwashin da ƙafarta za ta yi ɗawafi, da ƙafarta za ta yi Safa da Marwa. A shekarar ana yayin wani kambas mai kaurin ƙasa, mai laushi kamar sabon burodi, duk matan da ke zagaya filin wasa bayan asuba shi ne a ƙafarsu, har an manta da na bara mai yatsu biyar kamar safar hannu. Shi take so. Amma da aka ce sai ta kai tsohon takalminta, sai ta ɗauko shi ta duba: dunduniyar hagu ta cinye ta ciki har ta karkace, mai gyara ya ɗinke shi sau biyu, zaren ma ba kalarsa ba. Mace ce da ake tashi a ba ta kujera a wurin taro. Ta ga ba za ta iya ajiye wannan a kan tebur a gaban jama'a ba. Sai ta ari na ƙanwarta, da yake lambarsu ɗaya, ta goge shi ta tafi da shi. Mai shago ya kifa shi, ya bi ƙasan da babban yatsa, ya ɗaga kai ya dube ta. Ya ce, "Hajiya, wannan naki ne?" Ta ce, "To, na wa?" Bai ga dacewar ya ƙaryata babba ba. Ya ce idan haka ne, mai wannan takalmi tafiyarta daidai take, kowanne ta zaɓa zai yi mata. Ta zaɓi na yayi.

Ƙafar da ta saba karkata ciki, da ta sami laushi, sai ta ƙara nutsewa wajen da take karkata. Kowace safiya tana zagaya fili, ana yaba takalmin, ita kuwa tana cije leɓe. Cikin mako uku gwiwar hagu ta kumbura kamar ƙaramar ƙwarya, sujada ma sai a kan kujera. Likita ya hana ta tattaki wata guda cur. Da wa'adin ya cika, sai ta naɗe tsohon takalmin cikin leda biyu, ta nemi lokacin da babu kowa a shagon, ta ajiye shi a kan tebur. Mai shago ya kwance, ya kifa, ya jinjina kai. Ya ce, "Yawwa, Hajiya. Rannan wata ce ta zo, yau ke kika zo." Ya shiga ciki ya fito da wani baƙi mai taurin ƙasa, mai tokari ta gefen ciki, wanda ba wanda zai waiwaya ya sake kallonsa. Da shi ta koma fili, ciwon ya lafa, amma mako biyar kaɗai ya rage, kuma ƙafa ba ta koyon aikin wata uku a mako biyar. A Makka ta yi ɗawafi bakwai da ƙafarta, Allah ya ba ta wannan. Tsakanin Safa da Marwa kuwa, bayan zuwa na uku gwiwar ta ƙi. Sauran huɗun a keke ta ƙarasa su, tana zaune tana kallon ƙafafun tsofaffin da suka girme ta suna wucewa.

Idan har yanzu kina shakka, ki je Unguwar Malamai ki tambayi Hajiya Tasallah ungozoma. Jirgi ɗaya suka hau, kuma ita ce ta tura keken da hannunta. Gaskiyar Hausawa da suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.