Direban Tirela da Madubin Gefe

Sallau, tun da ka zauna kake juya maganar allon kwamfutar nan mai fitar da hoto tar, ko ya cancanci mutum ya saye shi don wasa kawai, ko kuwa almubazzaranci ne. Ni ba zan ce maka saya ko bari ba. Misali zan ba ka, sai ka auna da kanka.

An yi wani direban tirela da ya shekara talatin da huɗu a kan kwalta, daga bakin teku zuwa iyakar arewa. In wurin sauke kaya ya matse, shi ake kira ya shigar da mota da baya, 'yan dako su ajiye buhu su tsaya kallo. Sai ciwon suga ya ci ƙafarsa ta dama, likitoci suka yanke ta daga gwiwa. Ya dawo gida ya zauna, in ya ji ƙarar babbar mota daga titi sai ya juya fuska bango. Babbar 'yarsa mai zanen gine-gine ce, tana da kwamfuta mai ƙarfi saboda aikinta. Ta samo masa wasan tuƙin manyan motoci, da sitiyarin da ake ɗaurawa a bakin tebur, ta mayar masa da totur da birki hannu. Tsoho ya kama sitiyari, har ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba. Tafiya gaba lafiya lau. Amma da aka zo shigar da mota da baya, ya dubi madubin gefe a cikin allon da 'yar ta daɗe tana aiki da shi, sai ya ga komai ya cakuɗe kamar an shafa wa gilashi koko. Bai iya bambanta wutsiyar tirela da inuwar gini ba. Ya buga bango. Ya sake, ya buga. A karo na biyar ya ture sitiyarin, ya ce ƙafa ta tafi, yanzu kuma ido ya bi ta. Likitan ido ya duba shi ya ce tabaraunsa ya ishe shi, amma tsoho bai yarda ba. Ya rage cin abinci, ya fara lalube a ɗakin da ya sani tun yana saurayi. 'Yar ta zargi allon, ta nemi shawarar abokan aikinta da suka goge a wasannin kwamfuta kan sayen allo mai fitar da hoto tar. Duk bakinsu ɗaya: kada ta wahalar da kanta. Suka ce idon mutum ba ya rarrabe ɗigon hoto da ya kai wannan ƙanƙanta, suka ce irin allon yana jan ƙarfin inji har wasa ya riƙa tsinkewa, su da kansu sun fi son allo mai sauri a kan mai kyau. Ta yi wata biyu tana jin maganarsu, uban kuwa yana ƙara ramewa.

Wata Asabar da hantsi ta aro irin allon daga wani ɗakin ɗab'i, mai ɗigo sama da miliyan takwas, ta haɗa, ta lallashi tsoho ya zauna. Sai hoto ya fito. Ruwa ake yi a cikin wasan, kuma kowane ɗigo da ya faɗo a gilashi yana ɗauke da hasken fitilar titi a cikinsa, yana gangarowa ya haɗu da ɗan'uwansa kafin waifa ta share su. Ana ganin zaren ɗinkin kujera, ana ganin tsatsa a kan notin taya. Can nesa gonar alkama, iska na kaɗa ta, kowane kara da nasa rawar. Tsoho ya miƙa yatsa ya taɓa allon don ya tabbatar ba taga ba ce, ya janye hannu a hankali yana salati. Sannan ya dubi madubi. Ga wutsiyar tirela, ga jan fitilarta, ga siririn layin rawaya a ƙasa, ga tazarar taku ɗaya tsakanin taya da gini. Ya gyara zama. Ya ɗora tafin hannu ɗaya a kan sitiyari kamar yadda yake yi a da, ya karya kan mota, ya saki, ya ƙara karyawa kaɗan, doguwar motar nan ta zame cikin matsatsin wuri kamar wuƙa ta koma kube. Ya ja birki. Ya daɗe yana kallon madubin, sannan ya ce, "Ashe idona na nan, 'yar nan." Ita kuwa tana tsaye a bayansa, ta toshe baki da mayafi. Abokan aikinta ba ƙarya suka yi ba, don fankar kwamfutar ta yi ta gurnani, sai da ta rage wasu inuwoyi a wasan kafin ya tafi sumul. Amma su wasan harbi da gudu suke yi, ba su taɓa neman tazarar taku ɗaya a cikin madubi ba. Ranar tsoho ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari, kuma kafin Asabar ta zagayo 'yar ta sayo nasu allon.

Saboda haka, Sallau, ka bar tara maganar mutane. Ka ɗauki kwamfutarka da wasan da kake so, ka je ka zauna a gaban allon da idonka biyu. Hausawa sun riga sun gama magana: gani ya kori ji.